Mai ciwo da ƙaramin ƙarfi ya fara da ɗaki ɗaya, ya daina biye wa masu cewa a zuba fandisho babba

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana a kan ginin gidan talaka, musamman wanda ke fama da rashin lafiya kuma yake son ya fita daga haya kafin ƙarfinsa ya ƙare. Ni birkila ne, na daɗe a cikin sana'ar har bayana ya ƙi, yanzu ko bulo ɗaya ba na iya ɗagawa, ga hawan jini, sai dai in zauna a kujera in nuna wa yara abin da za su yi. Toh abin da nake gani a bayan gari yana damuna sosai, kango ne ko'ina, an kai shi linta an tsaya, ciyawa ta fito a ciki, in ka tambaya sai a ce ai mai shi ciwo ya kwantar da shi kuɗin ginin suka tafi asibiti, shi kuma har yanzu yana gidan haya ana masa zuwa karɓar kuɗi.

Kowa ya san yadda kaya suka tashi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har sai da Ministan Ayyuka David Umahi ya zauna da Dangote da BUA da Lafarge a watan Fabrairu aka ce a riƙa sayarwa tsakanin 7,000 zuwa 8,000, amma wanda ke zuwa shago da kansa shi ya san nawa yake biya. Rodi ma haka, kwano ma haka, tifar yashi kuwa kuɗin dizal ne ke yanke mata farashi. A irin wannan hali mutum mai fansho ko ɗan ƙaramin albashi wanda kowane wata sai ya sayi maganin suga ko na sikila, wallahi ba shi da dalilin zana gida mai ɗaki huɗu da falo biyu. Amma haka 'yan'uwa ke zuga shi, wai ka zuba fandishon gaba ɗaya a hankali za ka ƙarasa. Mai lafiya mai shekara talatin yana iya jira, mai ciwo kuwa yau yana tsaye gobe yana kwance.

Shawarata ita ce a yi ɗaki ɗaya ko ciki da falo da banɗaki, a rufa, a sa ƙofa da taga, a tare. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 bulo ɗari huɗu da 'yan kai yake ci in aka cire na fandisho, wannan abu ne da adashe biyu ko uku zai iya ɗauka. Filasta ta waje da fenti da tayil duk su jira, daɓen siminti ya isa. Daga ranar da ka tare kuɗin hayar da kake biya sun zama kuɗin bulo, kuma kana zaune a wurin kana ganin aikinka ba sai ka hau adaidaita da ciwon ƙafa ka je duba lebura ba. A bar haƙoran bulo a gefen da za a ƙara ɗaki nan gaba, shikenan, daidai ruwa daidai tsaki. Kuma kuɗin magani na wata biyu ko uku a ware su daban, ko magini ya ce saura buhu biyu a gama kada a taɓa su, gara aiki ya tsaya sati guda.

Inda na fi so a tsaya shi ne yadda ake gina ɗakin, domin a nan mu magina muke da laifi, muna yi wa kowa gini iri ɗaya kamar duk duniya matasa ne. Ƙofar banɗaki mun saba yinta 'yar siririya ƙafa biyu ko biyu da rabi, toh keken guragu ba zai shige ba, ko mutum biyu da suka riƙo mara lafiya ba za su shiga tare ba. A yi ta ƙafa uku, bambancin kuɗin kaɗan ne a lokacin gini, amma fasa bango daga baya sai an sake linta. Sannan banɗakin ya kasance a manne da ɗaki, kada a kai shi can ƙarshen tsakar gida inda dattijo mai ciwon suga da ke tashi fitsari cikin dare zai ratsa duhu da santsin damina. Masai na tsugunno azaba ne ga mai ciwon gwiwa ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye, in kuɗin na zama bai samu ba kafinta ko mai walda zai iya yin kujera mai rami a ɗora a kai, kuma a kafa bututun ƙarfe a bango tun ana jera bulo don a samu abin kamawa. Tayil mai sheƙi a banɗaki kuwa ina roƙon mutane su bar shi, na ga tsofaffi da dama da suka karye a ƙugu saboda shi kuma ba kowa ke sake tashi ba.

Dokin ƙofa da matakala ma haka. Dole a ɗaga ɗaki saboda ruwa, wannan gaskiya ne, amma maimakon matakala uku masu tsayi a yi gangara, ƙa'idar ita ce duk inci ɗaya na tsayi a ba shi ƙafa ɗaya na tsawo, a kuma karce saman simintin kada ya yi santsi. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga, wa'adin ya wuce, ita ba ta shafi gidan mutum ba, amma in makarantun koyon sana'a suna koya wa yara wannan ma'auni ai da ya shigo har cikin unguwa.

Sai zafi. Kwano ba silin a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri cuta ce da kanta ga mai hawan jini da mai asma. A ɗaga bango ya yi tsayi, a yi taga biyu suna kallon juna, a sa silin ko na buhu ko tabarma ne kafin a samu na kirki. Kuma kada a raina jar ƙasa, tubali ya fi bulo riƙe sanyi, in an yi masa fandishon siminti da rufi mai baki da ke tura ruwa nesa da bango zai daɗe. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta tarayya, NBRRI, ta daɗe da ƙera injin matse jar ƙasa da ɗan siminti kaɗan, abin da ya kamata a ce ƙananan hukumomi sun ajiye suna ba da haya ne.

Ga mai ginin kansa, dan Allah kada tsimin kuɗin lebura ya sa ka ɗauki buhu mai kilo 50 ko ka tsaya kwaɓa da rana tsaka. Ƙurar siminti tana tayar da asma, jiƙaƙƙensa yana cin fata, kuma mai suga in ya ji rauni a ƙafa ko ya taka ƙusa kowa ya san yadda warkewar take wahala, a sa takalmi rufaffe. Tsohon silin na asbesto da ake sayarwa da araha in an rushe gida shi ma a guje shi, ƙurarsa tana lalata huhu. Aikin da za ka iya a zaune shi ne ƙirga bulo, lura da kwaɓi, da sa yaro ya riƙa ba bulo ruwa har kwana bakwai. A yi jinga da magini mataki mataki, fandisho daban, zuwa linta daban, rufi daban, a biya bayan an gama kowanne a gaban shaida. Siminti kuma kada a tara shi wata da watanni yana daskarewa, in kuɗi sun shigo a buga bulo ko a sayi kwano a ajiye.

Edita, ma'aikatan gwamnati ana cire musu kashi 2.5 na albashi zuwa asusun gidaje na ƙasa tun dokar 1992, kuma bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya yana da rancen gyaran gida da ake biya da ruwa, amma da yawa daga cikin masu biyan ba su san ta inda ake nema ba. Ina roƙon ku tura wakilinku ya tambayo mana sharuɗɗan dalla dalla ku buga da Hausa, har da ko akwai hanyar da babu ruwa a ciki ga wanda ba ya so, da kuma yadda wanda ya yi ritaya zai karɓo abin da ya tara. In da hali kuma ku riƙa kawo farashin siminti da rodi da kwano na manyan kasuwanninmu duk mako, don wanda ke kwance a gida ya san abin da zai ba ɗan aike.

Na gode.

Naku,
Tsohon birkila, daga Zariya