Jemagun Kurmi da Itatuwan Sakkwato: A Daina Sare Musu Makwanci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan wata halitta da ba kasafai ake samun mai tsaya mata ba, wato jemage. Ni tsohon ma'aikacin gandun daji ne, na yi ritaya ina zaune a Sakkwato. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda ake ta sare manyan itatuwa a cikin gari da ƙauyukan kewaye, wai don jemagu sun dami mutane da kuka da kashi. A bana ma an kwantar da wasu tsofaffin darbejiya da mangwaro a harabar wata ma'aikata, ba don komai ba sai don wannan. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin a cikin wannan damina ce ake kiran jama'a su fito dashen itace don a tare hamada.

Malam Edita, masana sun ƙidaya jemagu sama da iri 1,400 a duniya. Idan aka jera ire-iren dabbobi masu shayarwa, kusan kashi ɗaya cikin biyar jemagu ne, kuma dangin ɓera ne kaɗai suka fi su yawa. Amma rabon nasu a doron ƙasa bai zo daidai ba. Ingila gaba ɗayanta iri 18 take da su. Indonesiya tana da sama da 200. A ƙasar Ekwado, cikin kurmin Amazon, akwai wata tashar bincike mai suna Tiputini inda aka kimanta cewa jemagu sama da iri 100 suna zaune a daji guda. Mu a Najeriya muna da kusan iri 100, kuma inda suka fi cunkushewa shi ne kurmin kudu, musamman dazuzzukan jihar Kuros Riba da ke iyaka da Kamaru.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya taɓa shiga kurmi. Ruwa ne. Kalaba tana samun wajen milimita 3,000 a shekara, mu kuwa nan Sakkwato tsakanin 600 da 700, shi ma cikin wata uku ko huɗu ya sauka ya ɗauke. A kurmi babu watan da za a ce ba wani itace mai fure ko mai 'ya'ya, ƙwari kuma ba su yankewa. Sannan dajin hawa-hawa ne. Akwai jemagu masu dogayen fukafukai sirara da ke farauta a sarari can sama da kan itatuwa, su gudu suka iya. Akwai masu gajerun fukafukai masu faɗi da ke kurɗawa cikin sarƙaƙiyar ƙasa a hankali, suna tsintar ƙwaro daga kan ganye. Masu cin ƙwari da sauti suke gane hanya: su saki ƙara mai kaifin da kunnenmu ba ya ji, ta bugi abu ta dawo, su san girmansa da nisansa. Masu cin 'ya'yan itace na Afirka kuwa yawancinsu ido da hanci suka dogara da su, shi ya sa idanunsu manya ne. Makwanci ma haka, wani kogon dutse, wani kogon itace, wani ƙarƙashin ganye. Da yake kowa da abincinsa da hawansa da wurin kwanansa, iri ɗari sukan zauna wuri ɗaya ba tare da wani ya tsare wa wani ba.

A kurmin Amurka ta Tsakiya da ta Kudu abin ya fi ban mamaki. Can akwai jemage mai kamun kifi da farcen ƙafa, akwai mai bin kukan kwaɗo har ya cafke shi, akwai wani ɗan fari fat da ke tsaga jijiyar babban ganye ya lanƙwasa shi ya yi rumfa. Can ne kuma kaɗai ake da masu shan jini, iri uku kacal. Ina so masu karatu su riƙe wannan, domin na sha jin makiyaya suna cewa jemage na tsotson shanu da dare. A duk faɗin Afirka babu jemage mai shan jini ko ɗaya.

Namu kurmin shi ma ba baya ba. Jemage mafi girma a babban yankin Afirka yana cikinsa, wani mai ƙaton kai da dogon baki, faɗin fukafukan namijinsa ya kusa mita guda. Mazan sukan jeru kan itatuwan bakin kogi da dare suna kira da ƙarfi, matan su bi layi su zaɓa. A 2016 wata 'yar Najeriya masaniyar jemagu, Iroro Tanshi, ta gano wani ƙaramin jemage mai gajeriyar wutsiya a dajin Dutsen Afi na Kuros Riba, bayan an yi shekara 45 ba wanda ya gan shi a daji, kuma ba a taɓa sanin yana Najeriya ba. An ba ta lambar yabo ta Whitley, wadda ake ba masu aikin kare halittu, a 2021. Babban abin da ke barazana ga wannan jemage shi ne wutar daji da ke tserewa daga gonaki, irin wadda mu ma muka sani. A 2021 ɗin kuma aka bayyana wani sabon iri mai launin ruwan goro da baƙi daga duwatsun Nimba na ƙasar Gini. Wato har gobe ba a gama sanin abin da ke cikin kurmin Afirka ta Yamma ba, ga shi kuma ana cinye shi da zarto.

To, mai karatu zai ce ina ruwan Basakkwace da kurmin Kuros Riba? Ruwansa babba ne, kuma a nan maganata take.

Akwai wani babban jemage mai launin ciyawar rani wanda ke taruwa dubu bisa dubu. Lokacin da nake karatun aikin daji a Ibadan, da magariba sai sama ta yi duhu idan suka tashi daga itatuwan Agodi. Haka suke a Ile-Ife da Akara da Kumasi, kuma a gandun Kasanka na Zambiya miliyoyi ne ke haɗuwa daga Oktoba zuwa Disamba. Wannan jemage ba mazauni ba ne. Idan damina ta kama sai ya bar kurmi ya biyo ruwa arewa, yana bin furanni da 'ya'yan itace har cikin ƙasashenmu na ciyawa, idan ruwa ya ɗauke ya koma. Binciken da aka yi a Gana ya nuna yana iya kai ƙwayar iri nisan kilomita 75 daga uwar itacen. Shi ne babban mai shuka loko, katakon nan da kafintocinmu ke saye da tsada. Bayan shi muna da namu na gida, matsakaita masu farin tabo a gindin kunne, waɗanda ke rataye a cikin mangwaro da darbejiya, su ne ma aka fi sare wa makwanci.

A duba furen kuka. Fari ne, babba, yana reto ƙasa a kan dogon sili, ba ya buɗewa sai da almuru, kafin wani daren ya yi yaushi. Ƙamshinsa ba mai daɗi ba ne ga hancinmu. Duk wannan siffa ta furen da aka yi wa baƙon dare ce, kuma a Afirka ta Yamma jemage ne babban mai yi masa barbara. Rimi ma da dare yake buɗe fure a lokacin hunturu. Ita kuwa ɗorawa, jan furen nan nata mai kama da tuntun hula da dare yake zubo zaƙi, jemage ya sha ya kwashi garin fure a gashinsa ya kai wa wata bishiyar. Zuma ma tana taimakawa da asuba, ban musa ba. Amma jemage ne ke iya haɗa ɗorawar da ke gonar wane da wadda ke can gaba da ƙauye, yanzu da itatuwan suka yi nisa da juna. Daga nan kalwa take fitowa, daga kalwa daddawa, ga garin ɗorawa, ga makuba ta shafen ɗaki. Miyar kuka daga ganye take, gaskiya ne, amma in babu 'ya'ya ina za a sami ƙaramar kuka da za ta gaji tsohuwa? Duk wanda ya bi hanyar Gwadabawa zuwa Illela ya ƙirga kukoki ƙanana nawa ya gani.

Bambancinmu da mutanen kurmi ke nan. Can inda iri da yawa ke raba aiki, idan ɗaya ya ragu akwai mai ɗan toshe gurbinsa. Mu nan 'yan kaɗan ne ke ɗauke da kayan duka. Ga shi jemage ba ɓera ba ne wajen haihuwa, yawancinsu ɗa guda uwa ke samu a shekara. Idan aka sare makwanci lokacin goyo, ko yara suka wuni suna kaɗo su da danƙo, asarar ba ta mayuwa cikin shekara ɗaya ko biyu. Ƙananan nan masu shiga rufin makarantu da masallatai kuma ƙwari suke ci dare farai, har da malam-buɗe-littafin dare da ke haifar da tsutsar gona. Allah Ya gaya mana a cikin Suratul An'am cewa babu dabba a ƙasa ko mai tashi da fukafukai biyu face al'ummu ne irinmu.

Na san maganar cuta za ta taso, kuma tana da tushe. A 1956 aka fara gano wata ƙwayar cuta 'yar'uwar ta haukan kare a jikin jemage a Legas. Cutar Marburg ma, 'yar'uwar Ebola, wadda ta ɓulla a Gana a 2022, an tabbatar wani jemagen kogo ne ke ɗauke da ita. Saboda haka kada a taɓa jemage da hannu, mai rai ko matacce, kada a ci namansa, kada yaro ya tsinci mangwaron da ya gatsa, wanda kuma ya ciza ya wanke wurin da sabulu ya nufi asibiti a ranar. Amma kisa da kora ba magani ba ne. A Yuganda, a wata mahaƙa mai suna Kitaka, an kashe jemagun kogon bayan ɓullar Marburg a 2007. Da wasu suka dawo suka sake cika wurin, sai aka tarar masu ɗauke da cutar a cikinsu sun fi na da yawa.

Roƙona ga hukumar gandun daji ta jiha da masu aikin Babbar Katangar Itatuwa ta Afirka, wato shirin dashen itace don tare hamada, shi ne kada dashe ya tsaya kan darbejiya da turare kaɗai. A sa kuka da ɗorawa da rimi a cikin gandun reno, a kuma hana sare duk babban itacen da aka san makwancin jemagu ne sai da izinin malamin daji. Inda kashinsu ya dami mutane a rage rassan da ke kan hanya, a share kashin da takunkumi a fuska bayan an yayyafa ruwa, a kai gona, taki ne mai ƙarfi. Masu rufin da jemagu suka shiga su jira 'ya'yan su iya tashi, sannan su toshe kafar da dare bayan sun fita. Ina kuma kira ga malaman kimiyyar halittu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su tura ɗalibai su ƙidaya mana ire-iren jemagun da ke fadamar Rima, da Goronyo, da kudancin jiha wajen Tambuwal da Kebbe, a san watan da baƙin kurmi ke isowa da itatuwan da suke sauka. Idan aikin ya tashi, ina da masaniyar tsofaffin makwantai da dama, kuma a shirye nake in raka su.

Na gode da ba ni fili. Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin daji,
Mabera, Sakkwato.