Ba duk ciwon cikin mai suga ne olsa ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in ja hankalin masu ciwon suga da masu jinyarsu kan abin da ya zama ruwan dare: da ciki ya murɗa sai a ce olsa ce ta tashi, a aiki yaro kemis.

Sau da yawa maganin sugan ne da kansa ke tayar da cikin. Metformin, wanda likitoci suka fi farawa da shi, yakan kawo gudawa, tashin zuciya, kumburin ciki da ɗanɗanon ƙarfe a baki, musamman a makonnin farko. Abin ya fi tsanani ga wanda ya fara da babban awo, ko ya haɗiye shi da sassafe ciki ba komai. Ƙa'idarsa a fara da miligiram 500 sau ɗaya a rana, a tsakiyar cin abinci ko da zarar an gama ci. Bayan mako guda a ƙara 500, a haka har a kai abin da likita ya rubuta, galibi bai wuce 2000 a rana ba. In ciki ya ƙi sabawa, akwai mai narkewa a hankali, za a ga XR ko SR a jikin kwali, kuma wannan ba a tauna shi, ba a daka shi. Wanda ya watsar da maganin ya koma jiƙo kuwa, suga zai ci gaba da cin ido da ƙoda a ɓoye. Inda ake dakatar da metformin shi ne in amai da gudawa suka yi tsanani har ruwa ba ya zama a ciki. A lokacin ƙoda ba ta iya fitar da shi yadda ya kamata, sai ya taru a jini, don haka a nufi asibiti.

Omeprazole kuma, maganin olsa mai rage tsamin ciki, an mayar da shi kamar goro. Miligiram 20 ake sha, minti 30 kafin karin kumallo, na mako 4 zuwa 8. Ba ya kashe ƙwayar cutar H. pylori da ke haddasa yawancin gyambon ciki, shi ya sa ciwon ke dawowa da an ajiye shi. Sai an yi gwajin bayan gida ko na numfashi, in an same ta a haɗa shi da magungunan kashe ƙwayoyin cuta guda biyu na kwana 14 cur. A nan ne mai suga zai buɗe baki ya faɗi duk abin da yake sha, domin clarithromycin, ɗaya daga cikin waɗanda ake bayarwa, yana ƙara wa glibenclamide, wani maganin suga, ƙarfi har suga ya faɗi warwas. In gumi, karkarwa da jiri suka zo, ko na'urar awon suga ta nuna ƙasa da 70 mg/dL, a jiƙa sukari cokalin shayi 3 a sha, a sake aunawa bayan minti 15.

Wani abin da ba a cika faɗa ba, metformin da omeprazole duk suna rage bitamin B12 a jiki in aka shekara ana shansu. Ƙafa ta riƙa yi kamar ana tsira mata allura, a ɗora wa suga laifi, alhali gwajin jini da allurar B12 ake buƙata.

Diclofenac da ibuprofen na ciwon jiki su ma suna ƙwaƙule ciki, suna taɓa ƙodar da suga ya riga ya raunana. Wanda ya ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko ya yi aman jini, ranar zai je asibiti, ba gobe ba.

Wassalam.

Mai harhaɗa magunguna,
Kano