Tauraron FLEX na buƙatar shaidar jirgin sama

Malam Edita,

Ganye na fitar da wani jan ƙyalli yayin da yake haɗa abincinsa da hasken rana. Ido ba ya ganinsa, amma yana sauyawa da zarar fari ya fara takura wa shuka, tun kafin ta yi yaushi.

A 2015 Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta zaɓi tauraron ɗan'adam mai suna FLEX domin auna wannan ƙyallin. To, wa zai gaskata alƙaluman? Kowane ɗigon hotonsa yana haɗe fili mai faɗin mita 300. Na'urar HyPlant kuwa, da ake ɗora wa ƙaramin jirgi, tana shawagi ƙasa-ƙasa, tana auna wannan ƙyallin, tana bambance gona da gona, don haka za ta iya zama shaida kan alƙaluman tauraron. A ganina, bai kamata a yi wa aikin HyPlant rowar kuɗi ba.

Naka,
Wani mai karatu