A Nemo Mana Sunayen Sojojin Kamfanin Neja

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in yi magana a kan kakan mahaifina, wanda ya yi sojan ƙasa a Lakwaja kafin Lugga ya ci ƙasar Hausa. Abin da ya bari kawai shi ne wata lambar yabo ta tagulla. Kakata ta ajiye ta shekara da shekaru a ƙasan kwalla, ƙulle cikin tsumma tare da kuɗin cizo. Gefe guda kan Sarauniya Biktoriya ne. Da na goge bakin tagullar da toka da lemun tsami, lambar ƙirga ce ta fito. Babu suna.

A gidanmu ba a son zancensa. Kakata takan ce, "Ai shi bawa ne ya gudo, Turawa suka ba shi bindiga," daga nan sai ta ja bakinta. Da na girma na gane dalili. Rundunar da ya shiga ta Kamfanin Neja ce, kamfanin cinikin Turawan Ingila, an kafa ta a 1886, kuma ita ce Goldie, shugaban kamfanin, ya ja zuwa yaƙin Bida a Janairun 1897, daga can ta wuce Ilorin. Wato da hannunsa ya harbi 'yan uwansa Musulmi. Wannan yana damuna har gobe. Amma mutumin da aka raba da garinsu yana yaro, aka sayar da shi a kasuwa, ni ba zan zauna a inuwa in yanke masa hukunci ba.

Irinsa suna da yawa. Sojojin Najeriya da kansu suna ƙirga asalinsu daga 1863, lokacin da Glover, wani hafsan sojan ruwan Ingila, ya tara Hausawa a Ikko, galibinsu bayin da suka tsere. Wasu an kai su yaƙin Asante a 1874, kuma akwai waɗanda suka zauna a zangunan Gana. Sunan Glover kowane ɗalibin tarihi ya sani. Su fa?

Roƙona ga malaman tarihi na jami'o'inmu shi ne su bincika ma'ajiyar takardu ta Kaduna da ta Kew a Ingila, duk rajistar da suka samu su buga ta da Hausa: suna, gari, ranar shiga, ranar sallama. Lambar da ta fito a bakin tagullar tana hannuna. Ina so in san garin da aka kamo shi, da sunan da mahaifiyarsa take kiran sa.

Naka,
Wani tattaɓa-kunnen soja, daga Lakwaja