Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Alƙaliyar Alƙalan Najeriya, Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun

Ranki ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, daga Kano nake rubuto miki, kuma magana ɗaya ce ta kawo ni: hurumin Babbar Kotun Tarayya.

Kin fi ni sanin abin da ya faru tun ranar 23 ga Mayun 2024, da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar rushe masarautu biyar, aka mayar da Muhammadu Sanusi II kan karaga. Cikin mako guda Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta ba da umarni, Babbar Kotun Jiha ta ba da kishiyarsa. Ta tarayya ta ce 'yan sanda su fitar da Sanusi daga Gidan Rumfa, ta jiha ta ce kada a taɓa shi. Kotuna biyu a gari ɗaya, kowace da hatiminta. A teburin mai shayin unguwarmu na ji wani dattijo ya kashe rediyonsa ya ce, “To ɗan sanda wace takardar zai bi?” Ba wanda ya iya ba shi amsa.

Abin da ke ci min rai shi ne, wannan tambaya tana da amsa tun ba yau ba. Babbar Kotun Tarayya ta faro ne a 1973 a matsayin kotun haraji, a 1979 aka sauya mata suna. Sashe na 251 na kundin tsarin mulki ya lissafa mata aikinta: kuɗin shiga na tarayya, kwastan, bankuna, jiragen ruwa da na sama, shige da fice, ƙararrakin da suka shafi hukumomin tarayya. Sarauta ba ta cikin jerin, aikin kotun jiha ne. Da aka tuɓe Sarkin Muri Umaru Abba Tukur a tsohuwar Gongola, ya bi ta ƙofar haƙƙin ɗan'adam ya shiga kotun tarayya, kuma a 1989 Kotun Ƙoli, wadda kike shugabanta yau, ta ce kotun ba ta da hurumi a rikicin sarauta. Shekara 35 bayan haka aka sake shigowa ta wannan ƙofar, aka kuma buɗe. Sai a Janairun 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta maimaita abin da aka riga aka faɗa, sannan a Maris ta dakatar da aiwatar da hukuncin har Kotun Ƙoli ta yi magana.

Mu da ke ƙasa mu muka ɗanɗana kuɗar wannan jira. 'Yan sanda sun hana hawan Sallah. Akwai maƙwabcina mai ɗinkin kayan doki, ya ci bashi ya sayi yadi da zare, jalala da dagumi suna rataye a shagonsa ƙura ta rufe su. Gida ɗaya sai ka tarar wa da ƙane ba sa ga maciji, ɗaya na Gidan Rumfa, ɗaya na gidan Nasarawa inda Aminu Ado Bayero da aka sauke ya tare.

Ranki ya daɗe, da kika tsaya gaban Majalisar Dattawa a Satumban 2024 kin yi alkawarin ladabtar da alƙalan da ke wasa da umarnin wucin gadi, irin wanda ake bayarwa ba a ji ta bakin ɗaya ɓangaren ba. Mun ji, mun kuma riƙe. Ke ce shugabar Hukumar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa, sandar tana hannunki. Wanda kika gada ya kira manyan alƙalan kotunan biyu Abuja a kan wannan batu, amma kira kaɗai bai raba gardama ba.

Ban zo neman a ba wani sarki gaskiya ba, wannan na kotu ne. Roƙona, don Allah, a sa ƙa'ida mai ƙarfi: duk ƙarar da ake jayayya kan huruminta, a warware hurumin tukuna kafin alƙali ya sa hannu a kowane umarni, wanda ya tsallake kuma ya amsa tambaya a gaban hukumarki, jama'a su ji sakamakon. Akwai batun cunkoson ƙararraki a Kotun Ƙoli da tsadar bin shari'a har Abuja, amma wannan sai wani jiƙon. Yanzu dai a gaggauta shari'ar Kano.

Allah ya yi miki jagora.

Naki,
Wani mazaunin birnin Kano