A bar ɗaliban ƙaramar sakandare su riƙa jan ragamar wasu darussa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin ma'aikatun ilimi na jihohinmu kan yadda ake koyarwa a ƙananan makarantun sakandare, inda yawancin yara ke tsakanin shekara 12 zuwa 15.

Da aka fara aiki da tsarin 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a) a 1982, manufar ita ce yaro ya taɓa aikin katako, na ƙarfe, na lantarki da noma a shekaru ukun ƙaramar sakandare, ya gane inda baiwarsa take. An sayo injuna daga ƙasashen waje, amma da yawa tsatsa ta cinye su a cikin akwatuna saboda rashin wuta da ƙarancin ƙwararrun malamai. Dokar UBE, wato ta ilimin bai-ɗaya na matakin farko, ta 2004 ta wajabta karatun, ta kuma mai da shi kyauta, sai dai a yawancin azuzuwa har gobe malami ne zai cika allo da rubutu, yara su kwafa, su haddace, su juye a jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare.

Ba baƙon abu nake kira a shigo da shi ba, domin a tsangaya gardi ne ke biya wa kolo da titibiri karatu, kuma ta haka nasa ke ƙara zama. A wata makaranta da na koyar, mun danƙa wa 'yan aji biyu lambun bayan aji. Su suka zaɓi shugaba da ma'aji, suka raba ranakun ban ruwa, suka buɗe littafin cinikin alayyafo da tumatir. Wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu a darasin lissafi ba ita ce ta miƙe ta nuna wa 'yan uwanta cewa kuɗin taki ya cinye ribarsu, suka koma takin gida.

Roƙona shi ne a ware darasi guda a kowane mako wanda ɗalibai za su shirya su gabatar, a farfaɗo da ƙungiyoyin muhawara da na JETS, wato na ɗalibai masu sha'awar kimiyya da fasaha, a kuma saka makin wannan aiki cikin sakamakon zango. Sharaɗi kuwa, malami ya zauna a bayan aji yana saurare da gyara, kada ya miƙa wa monita bulala ya tafi ofishin malamai hira.

Naka,
Wani malami mai ritaya, Zariya