Godiya ga kafintocin Tsohuwar Panteka da suka yanka mana katakon lissafi

Assalamu alaikum.

Zuwa ga Malam, mai shagon kafinta a cikin kasuwar Tsohuwar Panteka da ke Kaduna, tare da yaransa masu koyon aiki.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a madadin malaman lissafi na makarantarmu ta firamare da ke Tudun Wada, da iyayen yaran aji huɗu da na biyar. Kun roƙi kada a ambaci sunanku, na kuwa kiyaye. Amma aikin kam ba zai ɓoyu ba, yabon gwani ya zama dole.

Ga wanda bai san zancen ba, abin da muka kai musu aiki ne da manyan kafintoci za su raina. Guntayen katako ne iri uku. Akwai ƙwaya, ɗan ƙaramin dunƙule mai kusurwa. Akwai sanda, wadda tsawonta daidai yake da ƙwaya goma a jere. Sai mai faɗi, wanda yara ke kira tayil, shi kuma sanda goma ne a gefen juna, wato ƙwaya ɗari. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Hangari, Zoltan Dienes, shi ya yaɗa koyarwa da irin waɗannan tun wajen shekarun 1960. Ana sayar da na roba da ake shigowa da su daga waje, sai dai farashinsu na bin dala, kuma ɗan abin da ƙungiyar iyaye da malamai ta tara ba zai sayi abin da zai ishi ko rabin aji ba.

Dalilin neman su shi ne lambobi masu ɗigo. Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban allo ya san wannan ciwon kai. Ka rubuta 0.3 da 0.25 ka ce wanne ya fi girma, hannuwa za su tashi a kan 0.25, domin ai ashirin da biyar ta fi uku. Ka ba su 0.5 a tara da 0.25, su jera lambobin ta gefen dama kamar yadda suka saba, su kawo maka 0.30 suna murna. Yaran ba daƙiƙai ba ne. Dokar da muka koya musu tun aji ɗaya suke bi, ba su kuma taɓa riƙe wani abu a hannu da zai nuna musu inda dokar ta tsaya ba.

Iyayenmu sun fi su sa'a ta wannan gefe. Da Najeriya ta bar fam da sule da sisi da taro ta koma naira da kwabo a ranar 1 ga Janairu, 1973, kowa ya tashi da lissafin ɗigo a aljihunsa: sule goma naira ɗaya, kwabo goma sule ɗaya. Wanda ya taɓa karɓar canji ba zai ce kwabo ashirin da biyar ta fi sule uku ba. Yaron yau bai taɓa ganin kwabo ya sayi ko ashana ba. Amma ɗigon bai bar shi ba, yana nan a jikin famfon gidan mai yana ƙirga lita, yana kan mitar wuta, yana cikin saƙon banki.

To, Malam, ga abin da ya sa na ce sai na gode muku a fili. Zanen da muka kawo na ƙwaya mai santimita ɗaya ne, kamar na robar. Kuka duba kuka ce wannan ta yi ƙanƙanta: yankanta a inji haɗari ne ga yatsun yaran shago, a aji kuma wani zai iya jefa ta baki, ko ta ɓace a ƙura kafin sati ya zagayo. Kuka ba da shawarar santimita biyu, sanda ta zama ashirin, tayil ya zama ashirin a kowane gefe. Kuka zaɓi malaina saboda ba ta da nauyi a hannun yaro, kuma yawancin ƙwayoyin daga ragowar katakon wasu ayyuka kuka fitar, ba ku caje mu kuɗinsa ba.

Sai maganar awo, wadda ita ce ta fi taɓa ni. Mai yin benci idan ya kauce da milimita ɗaya ba wanda zai sani. A wannan aiki kuwa, kowace ƙwaya ta ƙaru da milimita ɗaya, goma a jere za su zarce sanda da santimita guda, rabin ƙwaya ke nan. Yaro ya jera ya ga ba su zo daidai ba, shi ke nan katakon ya ƙaryata malami, kuma idonsa zai yarda da shi, ba bakina ba. Wannan ba mu muka faɗa muku ba, ku kuka gano da kanku. Kuka lissafa kaurin bakin zarto da abin da samfefa za ta cinye. Kuka ƙera ɗan akwatin gwaji wanda ƙwaya goma za su shiga cif, ba matsi ba sako-sako, duk jerin da ya ƙi shiga kuka ware shi gefe. Na ga tarin waɗanda kuka ware, na kuma ji kun ce wa ƙaramin yaronku, "Abin karatu ne, ba a yi masa a-bar-shi-haka." Layukan da kuka tsaga a jikin sanda da tayil ma, don a riƙa ganin gidaje goma da gidaje ɗari, ba sa cikin cinikinmu.

Ga yadda muke aiki da su. Mun ce tayil shi ne ɗaya cikakke. Sanda ta zama kashi ɗaya cikin goma, 0.1, ƙwaya kuma kashi ɗaya cikin ɗari, 0.01. Yanzu a ce wa yaro ya ɗauko 0.3, sai ya kawo sanda uku. Abokin zamansa ya ɗauko 0.25, sanda biyu da ƙwaya biyar. Su ajiye gefe da gefe, gardama ta ƙare ba tare da na buɗe baki ba. Haka 0.7 da 0.07, waɗanda a allo sifili ɗaya ne kawai tsakaninsu: wannan sanda bakwai ne cike da hannu, wancan ƙwaya bakwai ce a tafi.

Ɗebewa ta fi daɗi. A ce 1.2 a cire 0.45. Yarinya tana da tayil ɗaya da sanda biyu, ana son ta ba da sanda huɗu da ƙwaya biyar, ba ta da ƙwaya ko ɗaya. Sai ta tafi wajen wanda muka naɗa mai canji a rukuninsu. Ta ba da tayil ta karɓi sanda goma, sandunanta suka zama goma sha biyu. Ta sake canza guda ɗaya da ƙwaya goma. Ta biya, ya rage mata sanda bakwai da ƙwaya biyar, ta rubuta 0.75. Wannan "aro" da muke sa su rerawa shekara da shekaru ba tare da sun san wa ake ranta wa ba, yau da hannunsu suke yin sa.

A aji biyar layukan nan naku ne suka yi mana rana. Yara sun ɗauka ninkawa kullum ƙara girma take yi, don haka 0.3 sau 0.2 sai su ce 0.6. Muka ce su auna gida uku ta tsaye a kan tayil, gida biyu ta kwance, su ƙirga inda suka haɗu. Gidaje shida ne cikin ɗari, 0.06. Malamin addininmu ma ya zo ya ari saiti ɗaya don bayanin zakka: ushirin amfanin gonar damina sanda ɗaya ce, rabin ushirin noman rani ƙwaya biyar, rubu'in ushirin kuɗi kuwa ƙwaya biyu da rabi.

Ba zan ce katako ya maye gurbin alli da littafi ba. Aka bar yara da shi ba jagora, gidaje da motoci za su gina, kuma sun gina. A ganina tsarin da ya fi shi ne su fara taɓawa, sannan su zana abin da suka taɓa, sannan su rubuta lamba, har ranar da za a ɗauke katakon hannu ya ci gaba shi kaɗai. A ajinmu mai cunkoso rukuni-rukuni muke zaunar da su, kuma ba a tashi sai an ƙirga ƙwayoyi an mayar cikin jakunkunan da wata uwa mai ɗinki ta yi mana.

Ga shugabannin makarantu da ke Kaduna, na gwamnati da masu zaman kansu: kafin ku aika Legas neman na roba, ku leƙa Panteka, ga ta nan kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha. Ku tafi da zane mai awo a rubuce, ku ce a gwada jerin goma a gabanku, ku nemi a goge kusurwoyi saboda sartse, kuma ku sa a ƙara ƙwayoyi fiye da lissafi domin su ne ke ɓacewa.

Malam, muna nan tafe zangon karatu mai zuwa da maganar babban dunƙulen nan na tayil goma a kan juna, wanda idan muka ɗauke shi a matsayin ɗaya cikakke zai ba mu damar shiga gurbi na uku bayan ɗigo. Kun ce gara a yi shi da rami a ciki don kada ya yi nauyi, mun amince. Allah ya sa albarka a sana'arku, ya tsare hannuwan yaranku daga bakin inji, ya saka muku da mafificin alheri.

Wassalam.

Malamar lissafi,
Tudun Wada, Kaduna.